Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiɗan Biki: Ga Ƙungiyoyin da Ke Rera Waƙoƙin Wasu a Liyafar Aure

Na yi shekaru ina kaɗa fiyano a ƙungiyar da ke zagaya bukukuwan aure a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma na lura cewa kusan duk matashin da ya zo neman shawara kafin ya kafa tasa ƙungiyar, tambayoyi iri ɗaya yake kawowa. Su ne na tattara a nan, na fara da na farkon shiga, sannan na gangara zuwa waɗanda sai wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ne yake sanin nauyinsu.

Mene ne aikin irin wannan ƙungiya, kuma me ya raba ta da dije?

Ƙungiya ce ta makaɗa da mawaƙa da ke rera waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani, waɗanda wasu suka ƙirƙira, amma da hannu da baki a gaban mutane, ba daga faifai ba. Dije yana danna waƙar da aka gama naɗa a sitidiyo, ta fito yadda take daga farko har ƙarshe. Akwai kuma mawaƙin da ke zuwa da waƙar da ya yi wa amarya tun kafin biki, a saka ta a lasifika shi kuma yana bin ta da baki. Dukansu biyu sun fi ƙungiya araha da sauƙin kaya, saboda haka duk mai shiga wannan sana'a ya kamata ya san dalilin da zai sa a kira shi a bar su.

Dalilin shi ne ƙungiya tana ganin abin da ke faruwa a fili. Idan gwaggon amarya ta taso da ƙawayenta, ana iya jan baiti ɗaya har sai sun gama rawarsu. Idan ango mai kunya ne, ana iya sassauta kiɗan ya samu ya taka ba tare da ya takura ba. Idan wani babban baƙo ya shigo ana tsakiyar waƙa, ana iya ambatonsa ba tare da kiɗa ya tsaya ba. Wannan ne kaɗai abin da kuke sayarwa, kuma ƙungiyar da ta sunkuyar da kai kan kayanta ba ta kallon fili ta mayar da kanta dije mai tsada.

Mutum nawa ake bukata, kuma waɗanne kayan kiɗa?

Mutum biyar ko shida sun isa a fara: mai fiyano, makaɗin kalangu, mawaƙi namiji, mawaƙiya mace, da mai kula da mikisa da wayoyi. Fiyanon Yamaha irin wanda aka gina yawancin waƙoƙin nanaye a kansa yana iya ɗaukar ganga da bas da sarewa lokaci guda, shi ya sa ya zama ƙashin bayan ƙananan ƙungiyoyi. Amma shi kaɗai ba ya tayar da manyan mata daga kujera. Kalangu ne ke yin wannan, domin makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata ya ɗaga amo ko ya sauke shi har ya kwaikwayi karin magana, mai suna ya ji an kira shi ba a buɗe baki ba.

Mawaƙiya mace ba ado ba ce. Waƙoƙin soyayya na zamani da yawa amsa-amsa ne tsakanin murya biyu, kuma zaman da mata zalla ke yi yana bukatar wadda za ta iya jan salon amada da kiɗan ƙwarya. Idan ƙungiya ta samu ƙarfi, a ƙara 'yan amshi biyu da mai jita. Kakaki da tambari kuwa kayan sarauta ne, ba a ɗauko su don ƙawata dina.

A wane ɓangare na biki ake kiran ƙungiya?

Galibi a kamu, wunin biki, zaman iyaye mata, da dina. Ɗaurin aure sha'anin masallaci ne ko ƙofar gida, inda maroƙa da sanƙira ke da nasu gurbin, walima kuma akasari ta wa'azi ce da karatu ko bege. Kowane zama da irin jama'arsa. Wunin biki da zaman iyaye mata na manya ne, suna son tsofaffin waƙoƙi da ambaton zuri'a. Dina ta abokan ango da ƙawayen amarya ce, kuma su waƙar da ke tashe a wayoyinsu a wannan watan suke jira. Kada ku karɓi aiki da kalmar "biki" kawai, ku tambayi wane zama ne, su wa za su halarta, kuma maza da mata ne ko mata zalla.

Waƙoƙi nawa ya kamata mu iya kafin mu karɓi aikin farko?

A ganina, talatin da kuka iya sosai sun fi ɗari da kuke lalube. Zaman dina ba ya cika wuce awa uku ko huɗu, kuma jawabai, yanka kek, cin abinci da hotuna suna cinye kusan rabinsa. Abin da ya fi yawan waƙoƙi muhimmanci shi ne rabonsu: waƙoƙi masu taushi na lokacin da baƙi ke shigowa da cin abinci, waƙar shigowar ango da amarya, waƙoƙin iyaye, sannan na rawa masu zafi. Ku tanadi salon manyan mawaƙan baka irin su Mamman Shata da Barmani Coge domin dattawa, ku kuma riƙa sabunta na zamani duk wata, tun da waƙar da ta cika gari bana tana iya zama tsohon yayi baɗi.

Idan auren haɗin ƙabila ne, kamar yadda ake yawan samu a Kaduna, Jos da Abuja, ku nemi dangin ɗaya ɓangaren su ba ku waƙa biyu ko uku da harshensu, kuma ku sami mai jin harshen ya gyara muku lafazi. A Damagaram da Maraɗi ana iya neman waƙar Zabarmanci ko salon jitar Buzaye, a Maiduguri kuma kiɗan Barebari yana da nasa matsayi. Rera baitin harshen da ba ku fahimta ba kasada ce, domin ba ku san abin da kuke faɗa a gaban surukai ba.

Dole ne mu rera waƙa daidai da yadda mai ita ya yi?

Amshi da karin waƙa da bugun da aka san ta da shi, waɗannan ba a taɓa su, domin da su jama'a ke gane ta tun daga daƙiƙun farko. Sauran kuwa akwai sarari. Abu na farko da ya kamata ku sauya shi ne tsayin amo. Waƙoƙin sitidiyo da yawa an gyara muryar cikinsu da kwamfuta, an ɗaga ta inda maƙogwaron ɗan Adam ba zai daɗe ba. Mai fiyano ya sauke amon har ya zauna wa mawaƙinku, a rubuta shi a gefen sunan waƙar domin kada a yi ta nema a gaban jama'a.

Ba na ba mawaƙi shawarar ya kwaikwayi muryar mai waƙa har da shaƙewarsa da tarinsa, musamman idan marigayi ne. Yana ba mutane dariya na minti ɗaya, daga nan sai su fara auna ka da wanda ba za ka kamo ba. Ka rera da muryarka, ka kuma faɗi sunan mai waƙar kafin ka fara ko bayan ka gama. Dalilin wannan yana cikin amsar da ta shafi haƙƙin mallaka.

Yaya ake saka sunayen ango, amarya da dangi cikin waƙar wani?

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ake gane gwani. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka, kuma waƙar da aka gina da kyau tana bin wannan hawa da saukar. Idan ka cire kalma ka cusa wata wadda karinta ya saɓa, kunnen Bahaushe zai ji an karya wani abu ko da bai iya faɗin mene ne ba. Kukan yaro da kukar miya haruffansu ɗaya, kari ne ya raba su. Haka baba mahaifi, wanda ke farawa ƙasa ya hau, da baba 'yar'uwar uba, wadda ke farawa sama ta sauka. Ga kuma yawan gaɓoɓi: gurbin da ya ɗauki Zainab ba zai ɗauki Ummulkhairi ba sai an matse, shi ya sa ake tambayar laƙabin gida ko sunan da ƙawaye ke kira, a zaɓi wanda ya zauna. Ku gwada kowane suna a kan waƙar tun a wurin atisaye, ku bar makaɗin kalangu ya buga shi. Idan bai fita a kalangu ba, ba zai fita a baki ba.

Sannan akwai tambayar wa za a ambata da kuma wa za a fara da shi. Ku karɓi jerin sunaye daga uwar biki ko wata babbar mace a gidan, ba daga abokin ango ba, ku kuma karanta mata shi da baki ta tabbatar. Na koyi wannan ne a wani zaman iyaye mata, inda muka yi aiki da takardar da wani matashi ya rubuto mana a tsaye. Mawaƙiyarmu ta ja baiti mai daɗi tana kiran uwar amarya ta fito fili, ashe sunan da ke takardar na abokiyar zamanta ne. Ina kallon matar da ta haifi yarinyar a kujerar gaba, ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai tana juya zoben hannunta, matan da ke gefenta kuma suka ajiye kuɗin da suka fiddo. Mun gyara a baiti na gaba, amma filin bai sake ɗumi ba har muka tashi, kuma har yau ina jin nauyin abin da muka yi mata a ranar da ta fi kowa haƙƙi.

Ku kula da alkunya. Akwai iyayen da ba sa son a haɗa sunansu da na ɗan fari a bainar jama'a, akwai uwar da ba ta fitowa rawa a bikin 'yarta ta fari, ƙannenta ne ke tsaya mata. Akwai gidan da aka yi rashi kwanan nan, ambaton mamacin zai iya zama girmamawa ko ya tayar da kuka. Akwai mai sarauta da ba a kiran sunansa na yanka. Duk waɗannan tambaya ɗaya ce ke warware su, kuma kwana biyu kafin biki ake yin ta.

Shin doka ta yarda mu ci kuɗi da waƙar da ba tamu ba?

Waƙa dukiya ce a idon doka. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai waƙa ikon sarrafa rera ta a gaban jama'a, naɗar ta, da sauya mata fasali, kuma wannan haƙƙi yana ci gaba shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, saboda haka waƙoƙinsu ba su zama na kowa da kowa ba, suna hannun magada. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ce ke sa ido kan dokar, ita ce kuma ke amincewa da ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin mawaƙa, irin su MCSN. A Nijar hukumar BNDA ce ke wannan aiki. Bisa tsari, otal ko zauren taro ne ke neman lasisin kiɗan da ake yi a cikinsa, don haka yana da kyau ku tambayi mai wurin.

A zahiri ba kasafai ake bin ƙungiya don ta rera waƙa a dina ba. Inda rigima ke tasowa shi ne idan kun shiga sitidiyo kun naɗi karin wani da sababbin kalmomi kuna sayarwa, ko kun ɗora bidiyon a YouTube kuna neman kuɗin talla, inda na'urar shafin kan gane waƙar ta karkatar da kuɗin ko ta toshe bidiyon. Kafin irin wannan, ku nemi izinin mai waƙa ko iyalansa a rubuce. Ni kuma ina ganin ko babu doka, wanda ke cin abinci da gumin wani ya kamata ya ambaci sunansa, ya yi wa mamaci addu'a a gaban jama'a, idan hali ya yi kuma ya tuna da iyalan da ya bari.

Yaya ake yanka kuɗin aiki?

Ba zan faɗi adadi ba, domin farashin fetur da na mota sun sauya lissafi sau da yawa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Hanyar lissafin dai ba ta sauya ba: ku haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, hayar duk kayan da ba naku ba, man janareta idan a kanku yake, haƙƙin kowane ɗan ƙungiya, da wani abu da za a ajiye don gyaran kaya. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinku, kuma kada ku sauka ƙasa da shi da fatan liƙi zai cike giɓin, saboda dalilan da ke cikin amsa ta gaba.

Ku karɓi kafin alƙalami, rabi ko fiye, ranar da aka tsayar da magana, cikon kuma kafin a kunna kaya. Bayan an tashi daga biki kowa ya gaji, kuɗi sun ƙare, kuma wanda ya yi muku alkawari ya tafi rakiyar amarya. Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne: rana, wuri, lokacin farawa da na tashi, wanda zai kawo wuta da lasifika, abinci da masauki idan wajen gari ne, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan aka ɗaga biki ko aka fasa. Ɗaga biki saboda rasuwa abu ne da ke faruwa, kuma mu a ƙungiyarmu mukan mayar da kuɗin zuwa sabuwar ranar ba tare da ƙari ba.

Mene ne matsayin liƙi yanzu?

Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, taka ta, ko rawa a kanta, kuma hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta daɗe ba a aiki da ita sosai, amma daga 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane da dama a kanta, kuma bidiyon da mahalarta biki suka ɗora da kansu ne yakan zama hujja. Tun kafin nan ma, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna wa makaɗa cewa liƙi ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya fi aminci shi ne a ajiye faranti ko ƙwarya mai kyau a gaban fili, emsi ya sanar cewa a nan ake saka kyauta, ko a miƙa hannu da hannu. Wasu suna kafa allo mai lambar asusu. Ku fayyace tun farko wane kuɗi ne na amarya, wane ne na makaɗa, domin mafi munin cacar bakin da na gani a bayan fage a kan wannan ne. A al'ada abin da aka yi wa ango da amarya nasu ne, abin da aka miƙa wa mawaƙi ko aka saka a gabansa lokacin da yake wasa mutum na ƙungiya ne. Ku sa mutum ɗaya amintacce ya tattara, ba yaran da ke yawo a fili ba.

Yaya za mu raba kuɗi a tsakaninmu ba tare da ƙungiya ta watse ba?

Ku yanke tsarin rabo kafin aikin farko, kowa ya ji da kunnensa. A fara cire kuɗin mota da haya, a cire kason kaya, sannan a raba saura bisa kason da aka amince. Liƙi a ƙirga shi a gaban kowa a daren, kafin a ɗaure kaya. Mawaƙi ne ake miƙa wa kuɗi saboda shi ke riƙe da makirufo, amma wanda ya tayar da mai kyautar daga kujera sau da yawa makaɗin kalangu ne, kuma wanda ya hana lasifika kuka yana can baya ba a ganinsa. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, yawancinsu ba rashin aiki ne ya watsa su ba, ranar da mawaƙi ya fara saka wani abu a aljihu ne ba a sani ba.

Me za mu yi game da wuta da janareta?

Kada ku dogara da wutar NEPA ko da mai zaure ya rantse ba a ɗaukewa a unguwar. Ku tambaya ko janaretan wurin zai ɗauki kayanku tare da na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu, domin duk lokacin da babbar na'urar sanyi ta tashi tana jan wuta, amfilifaya kuma ita ce ke fara jin jiki. Ku haɗa ƙarfin da ke rubuce a bayan kowane kaya, ku nemi injin da ya zarce jimillar da sarari, kuma ku sa sitabilaiza tsakanin wuta da fiyano da mikisa. Wajen kunnawa a fara da mikisa a ƙare da amfilifaya, wajen kashewa a juya, domin kada ƙarar farko ta fasa lasifika.

Idan mawaƙi ya ji makirufo yana ɗan jan leɓensa, ku tsaya nan take. Alama ce cewa wayar ƙasa ba ta haɗu ba, kuma a fili mai damshi lokacin damina wannan yana iya kisa. Janareta kuma a ajiye shi a sarari nesa da jama'a, ba a lungu ko ƙarƙashin rumfa ba, saboda hayaƙinsa. Ku tanadi waƙa biyu da kalangu da tafi kaɗai za su iya ɗauka, domin ranar da wuta ta yanke ana tsakiyar rawa, makaɗin da bai tsaya ba shi ke riƙe filin har a tayar da inji.

Yaya ƙarfin sauti ya kamata ya kasance?

Ƙasa da yadda kuke zato. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma a desibel 100 abin da kunne ke jurewa bai wuce kamar minti 15 ba. Baƙo dare ɗaya yake yi, ku kuwa kowane mako kuna gaban lasifika, saboda haka ku sayi abin toshe kunne, kuma idan kun fara jin ƙara a kunne bayan aiki kada ku yi wasa da ita. Lokacin cin abinci, idan mutum biyu a tebur ɗaya ba sa jin juna sai sun ɗaga murya, kun yi yawa. Biki wurin sada zumunci ne, akwai 'yan'uwan da suka yi shekaru ba su haɗu ba. Kada a kafa lasifika kusa da teburin dattawa ko inda masu goyo ke zaune, kuma kada mawaƙi ya tsaya da makirufo a gabanta, domin daga nan kukan nan mai huda kunne ke fitowa.

Akwai ƙa'idojin hukuma da na addini da ya kamata mu sani?

Akwai, kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa mawaƙa rajista tana kuma sa ido kan ayyukansu, Hukumar Hisba kuma tana da ta cewa kan cakuɗuwar maza da mata, irin rawa, sutura, da lokacin tashi. Sanarwoyinsu suna sabuntuwa, don haka ku je ofis da ƙafarku ku ji wadda ke aiki, ku kuma tambayi mai zaure sharuɗɗan da aka ba shi. Idan a ƙofar gida za a yi, a sanar da mai unguwa.

Ko babu jami'i a wurin, kiɗa yana tsayawa da an fara kiran salla, kuma ku tsara zaman yamma yadda magariba za ta faɗo a lokacin hutu. Akwai gidajen da ba su yarda da kayan kiɗa ba sam, ko suka yarda da mandiri da bege kaɗai. Idan ango yana so amma mahaifin amarya bai yarda ba, shawarata ita ce ku haƙura da aikin, domin kuɗin dare ɗaya bai kai a ce ku ne sanadin saɓani tsakanin surukai ba.

Idan aka nemi waƙar da ba mu iya ba, ko aka ce mu yi habaici fa?

Waƙar da ba ku iya ba, ku faɗa cikin ladabi ku ba da makamanciyarta, ko ku bar dije ya saka ta lokacin hutunku. Habaici kuwa wani abu ne dabam. Za a zo a raɗa wa mawaƙiya a kunne, da kuɗi a dunƙule, a ce ta taɓa uwargida, ko tsohuwar budurwar ango, ko dangin da suka ƙi auren. Salon amada yana da wasa da zolaya tsakanin mata, kuma wanda aka yi a dunƙule ba a nufi kowa ba yana ƙara armashi. Amma wanda aka auna mutum guda da ke zaune a wurin, ku ƙi shi kome yawan kuɗin. Ku za ku naɗe wayoyinku ku tafi, amarya ce za ta zauna da waɗannan mutane, kuma yanzu kowace kalma tana cikin wayar wani. Haka waƙoƙin siyasa: ko ango ɗan jam'iyya ne, baƙinsa ba duka ba ne.

Amarya ta yi latti awa biyu, me za mu yi?

Ku sa ran haka tun daga gida. Kwalliya da hotuna da jiran motoci sukan ci lokaci, kuma kuskuren sababbi shi ne su ƙone waƙoƙinsu masu zafi da muryar mawaƙi kafin masu biki su iso. Lokacin jira na fiyano ne da jita a hankali, mawaƙa su huta. Ku zauna da emsi minti goma kafin a fara, ku daidaita jerin abubuwa da alamar hannu ta tsayawa da ta ci gaba, ku kuma amince cewa idan yana magana kiɗa zai sauka. Lokacin tashi da kuka rubuta a yarjejeniya, kamar yadda aka yi bayani a amsar kuɗin aiki, shi ne zai ba ku bakin magana idan aka nemi ku ƙara awa.

Yaya ake kula da murya da kaya a lokacin da bukukuwa suka yi yawa?

Bukukuwa sukan taru a makonnin da ke gaban azumi, bayan sallolin biyu, da ƙarshen shekara, har ƙungiya ta yi aiki Juma'a, Asabar da Lahadi a jere. Na ƙarshen shekara yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke cin maƙogwaro. Mawaƙi ya yawaita ruwa mara sanyi, ya rufe hanci a hanya, ya ɗumama murya kafin ya hau, ya kuma bar makirufo ya yi masa aikin ihu. Dishewar da ta wuce mako biyu ta asibiti ce, ba ta citta da zuma kaɗai ba. Fatar kalangu tana ɗaurewa a hunturu har ta iya tsagewa, da damina kuma ta saki amo ya mutu sai an ɗan shanya ta, shi ya sa makaɗi mai hankali ke tafiya da biyu. Fiyano da mikisa a rufe su da zane da zarar an gama, ƙura ce ke kashe maɓallansu.

Zan iya saka waƙata ta kaina a tsakiyar aiki?

Za ka iya, amma guda ɗaya, kuma a inda ba za ta tare wa kowa hanya ba, kamar lokacin cin abinci ko bayan an gama rawar dangi. Shigowar amarya da fitowar iyaye ba wurin gwaji ba ne, domin a nan mutane suna son abin da bakinsu zai iya amsawa. Ka sanar da masu biki tun a lokacin yarjejeniya, kuma ka lura da fili da idonka: idan ka ga ana amsa amshin a zagaye na biyu, ko wani ya zo bayan an tashi yana tambayar waƙar wace ce, ka kai ta sitidiyo. Watan azumi, da ba a biki, shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, tare da gyaran kaya da koyon waƙoƙin da za a nema bayan salla. Kafin ka rera ta a gaban jama'a ka naɗe ta ko da a waya ne, ka ajiye kwafi mai kwanan wata, domin haƙƙin da aka yi bayani a sama ya hau kanta tun daga ranar da ka naɗe ta, kuma wata ƙungiya tana iya ɗaukarta daga bidiyon bikin kafin mako ya zagayo.